Lurwanu Mai Shela da Saƙon Rumfar Zaɓe

Lurwanu bai yi nisa a boko ba. Noman gero da wake ya gada a Gafasa; shela kuwa tsintarta ya yi, domin Allah ya hore masa murya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana ɗaura lasifika a bayan babur, yana sanar da ɗaurin aure da rigakafi da ɓatan akuya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya yayata maganar da bai san mai ita ba.

Ana gobe zaɓen kansila, surukinsa Alhaji Hadi ya kira shi zaure, ya kunna masa saƙon murya a waya. Wani ne mai lafazin hukuma yake cewa an ɗauke rumfar zaɓe daga firamare, an mayar da ita wani ƙauye mai tafiyar awa biyu a ƙafa.

"Zagaya ka sanar," in ji Alhaji.

"Baba, wane ne ya faɗa?"

"Ni na faɗa! Da furfurata zan yi maka ƙarya?"

A ƙasar nan saƙo yakan ari mutuncin wanda ya miƙo shi, har a manta cewa shi ma turo masa aka yi. Lurwanu ya rusuna ya fita, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Mai muryar bai ambaci sunansa ba, bai ambaci ofishinsa ba, sai dai yana ta nanata a yi maza a tura. In mutanen Gafasa suka yarda, tsofaffi da masu goyo ba za su jefa ƙuri'a ba.

Sai ya bi sawun saƙon. Alhaji daga Sagiru tela ya samu, Sagiru kuma daga Mudassir mai taki.

"Kai Lurwanu, yaushe ka zama ɗan sanda?" in ji Mudassir.

"Tun ranar da ka zama gidan rediyo. Wa ya turo maka?"

Mudassir ya lalubo lambar: babu suna, babu hoto. Suka kira, a kashe. Daga nan Lurwanu ya zarce firamare, ya tarar da hedimasta yana fitar da bencuna, domin ma'aikatan zaɓe sun ce a share musu aji ɗaya.

Bayan la'asar lasifika ta tashi: "Jama'a, rumfa tana firamare, da idona na gani! Saƙon da ke yawo kuwa, na bi shi hannu uku, ban sami ubansa ba."

Kashegari layin mata ya kai har bakin hanya. Alhaji Hadi kaɗai ya ƙi fitowa. Ya ce ba zai taka wurin da aka ƙaryata shi a kansa a bainar jama'a ba. Sai da aka yi mako uku kafin ya amsa gaisuwar Lurwanu.