Inda Lemar Ta Sauka

Duk ranar Talata da ƙarfe takwas na safe muke taruwa a wani ɗaki da ke bayan ɗakin tiyata, mu ƙananan likitoci masu koyon aiki, kowa rungume da fayil ɗin majinyacin da ya duba a makon. Ka tashi ka karanta abin da ka gani da abin da ka yi, manya su yi kaca-kaca da kai. Shugabar zaman wata babbar likitar ƙashi ce, 'yar gajeruwa, muna ce mata Chif. Kullum tana tare da lemarta, baƙa mai kan ƙarfe, ko ana ruwa ko ba a yi. Da ita take nuna hoton ƙashi a jikin allo, da ita take dukan tebur in ka fara kame-kame. Na taɓa ganin ta jefi wani da fayil a ƙirji, takardu suka watse, ta ce ya durƙusa ya tsince yana ci gaba da bayani. Ni dai a lokacin na tsani matar nan, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Wata Litinin da la'asar aka kawo mini wata mata, malamar firamare ce 'yar Filato, ta tallabe hannunta na hagu. Mijinta ne ya kawo ta, mutum tsaf-tsaf da laktaye, a Abuja yake aiki, suna haya a nan Suleja. Turanci a bakinsa kamar ruwa, kowace magana sai ya ce mini Dokta. Kaina kuwa ya kumbura. Ya ce daga kan acaɓa ta faɗo a mahaɗar Diko. Na tambaye ta inda ke mata ciwo, shi ya amsa. Na tambaye ta ko ta bugu a kai, shi ya amsa. Ita ƙasa kawai take kallo. Aka ɗauki hoto, na ga karaya, na ɗora mata simintin ɗaure karaya, na kwantar da ita saboda kumburi. Washegari ƙarfe bakwai mijin ya zo yana sauri, wai kada cunkoson hanyar Abuja ya rutsa da shi. Na sa hannu a takardar sallama, har da yi masa fatan sauka lafiya.

Ita na zaɓa in gabatar a zaman ranar, don a ganina babu abin da za a kama ni da shi. Na karanta tiryan-tiryan, na maƙala hoton, na tsaya ina jiran a ce in zauna.

Chif ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Wa ya ce maka faɗuwa ta yi?"

Na ce, "Mijinta, Ma."

"Ita kurma ce?"

Aka yi 'yar dariya. Ta tambaye ni ko gwiwoyin matar sun ƙuje. Ban duba ba. Tafin hannunta fa? Ban duba ba. Zaninta ya yage? Haba, ina ruwana da zani! Ban dai faɗa ba, amma ta gani a fuskata.

Ta ce, "Zo nan."

Na matsa. Wallahi ban ga lokacin da ta ɗaga lemar ba. Iska kawai na ji, na ga kan ƙarfen nan ya nufo tsakiyar goshina. Na kare da hannu. Ta sauka ƙwal a sangalin hannuna, zafi ya ratsa ni har cikin haƙora, fayil ya faɗi, wata abokiyar aikina ta yi ƙara. Na dunƙule ɗaya hannun. Allah ne ya kiyaye, don saura ƙiris in manta cewa a haife ta haife ni.

Ta cafke hannun da ta buga, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta danna yatsa a inda ya fara tashi. Sai da na yi ƙara.

"Nan ne ko?" Ta juya ta ɗora kan lemar a kan hoton, daidai kan karayar. Wuri ɗaya ne, ko ɗan yatsa bai raba su ba. Ta ce, "Wanda ya faɗi, tafin hannu yake kai wa ƙasa, a wuyan hannu yake karyewa. Wannan ƙashi ɗaya ne ya karye, a tsakiya, ta gefen ƙaramin yatsa. Wannan hannun wanda ya kare kansa ne. Kanta aka nufa, Likita. Tana wane gado?"

Na ce, "Na sallame ta, Ma."

"Da wa?"

Ta saki hannuna, ta ce a hankali, "Ka nemo ta. Kada in ga fuskarka sai da ita."

Lambar da ke cikin fayil ta mijin ce. Na kira, ya ce ai jiki ya yi sauƙi, Allah ya saka wa Dokta. Na ce a dawo da ita mu sake duba simintin, ya ce sai ƙarshen wata, ya kashe. Adireshin kuwa sunan unguwa ne kawai da "bayan coci". Ni da wata nas muka bi coci huɗu a unguwar, gida-gida, 'yan haya ba wanda ya san maƙwabcinsa, kowa ya fita da asuba. Ko sunan makarantar da take koyarwa ban rubuta ba. Kwana uku ina yawo, na gaji na bari.

Kuma kada in yi ƙarya, ba matar ce ta fi damuna ba a kwanakin nan. Hannuna ne. Ya kumbura ya yi baƙi, ko agogo ba na ɗaurawa. Na zauna na rubuta takardar ƙara shafi biyu, cewa an ci mutuncina a gaban jama'a, na ninke na sa a aljihun farar rigata ina jiran ranar da zan miƙa.

Ranar Alhamis ta mako na gaba, da tsakar rana, Keke Napep ya shigo da gudu har bakin ƙofar ɗakin gaggawa. Mata biyu suka fito tallabe da wata suna kururuwa, zannuwansu jage-jage da jini. Tun kafin in ga fuskar na gane simintin. Ya dare gida biyu, ƙashin ya huda fata ya fito. Ta sake karewa da shi ke nan. Ɗaya daga cikin matan, maƙwabciyarta, ta ce taɓarya ce, sun ji bugu uku ta bango, kafin su ɓalle ƙofa mijin ya haura katanga. Kan ya tsage daga goshi zuwa bayan kunne. Na danne da hannuwana biyu, jinin yana bulbulowa ta tsakanin yatsuna, ina ihu a kawo jini, a kira Chif. Kafin a rataya ledar jinin farko ta cika.

Ni na yanke simintin da hannuna kafin a kai ta ɗakin ajiye gawa. Rubutuna yana jiki, da jan biro, ranar da na ce ta dawo a cire.

Talata ta zagayo. Na shiga da fayil ɗin, ya ƙara kauri. Chif tana zaune, lemar a jingine da bango, ba ta ko kalle ta ba. Na so ta ɗauka. Wallahi na so ta ɗauka ta farfasa mini kai, da na ji sauƙi. Takardar ƙarar tana nan a aljihuna, jinin matar ya jiƙa ta har ya bushe.

Ta ce, "Karanta mana. Daga farko."

Na buɗe shafin ranar Alhamis.

Ta ce, "A'a, ɗana. Daga inda ka rubuta ta faɗo daga acaɓa."

Na koma shafin farko na karanta.