Biskit Mai Fuskar Dodo

Har yanzu in na ji ƙamshin biskit a wuta, ranar walimar rufe zango ce ke faɗo mini, a shekarata ta biyu ina koyar da girki a wata firamare da ke Yelwa. Ku sababbin malamai, ku saurara.

A waya na ga Turawa suna yi wa yaransu biskit mai ban tsoro a wani bikinsu, abin ya burge ni. Na nemi izinin hedimasta, ya ce in dai ba a taɓa kuɗin makaranta ba, bismilla. Muka kwaɓa fulawa da 'yan aji huɗu, muka gasa a tukunya mai yashi a ƙasa. Garin sukari da farin ƙwai muka dama, muka sa kala, muka ɗura a leda aka huda bakinta. Na ce kowa ya zana abin da ya fi tsoro, ya cinye shi. Sai ga fatalwa, ga kura, ga dodo mai jan baki. Da yawa suka ƙi ci, wai sai sun nuna a gida.

Ban san ana ta raɗe-raɗi a unguwa cewa 'yan ƙungiyar asiri da biskit suke kama yara ba.

Bayan la'asar ina wanke kwanuka na ji hayaniya a ƙofa. Na leƙa. Mutane ne cike, wasu da sanduna, kowa riƙe da biskit ɗina a tsumma don kada ya taɓa hannunsa. Wani ya ɗaga murya: "Fito ki gaya muna mi kinka ba ɗiyanmu!"

Hedimasta ya tsaya gabana yana ba da haƙuri. Ya ce in ci biskit ɗin su gani. Na ci, sukarin nan kamar toka a bakina. Wata mata ta ce, "Ai ita ba ya yi mata komai, nata ne!" Dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Wallahi a ranar na saddaƙar ba zan koma gida ba, salati kawai nake yi a zuci.

Sai wata tsohuwa mai bandar kifi, Inna Kulu, ta ratso taron tana jan jikarta Hajara, yarinyar da ba ta cika magana a aji ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta buɗe tsumma, ga wani abu shuɗi mai haƙora, ta dubi Hajara.

"Ke, wa ya ce ki zana wanga?"

"Ni na zana, Inna."

"Mi ne ne shi?"

"Dodon ruwa ne, wanda ya kifar da jirginsu Baba. Malama ta ce in mun cinye abin da muke tsoro ya ƙare. Na kawo miki ne mu ci tare, ki bar kuka."

Duk unguwar sun san uban yarinyar, ɗan Inna Kulu, bai dawo daga tafki ba tun bara. Inna Kulu ta ɗauki biskit ɗin. Ta ce bismillahi, ta gatsa kan dodon, ta miƙa wa Hajara sauran. Masu sanduna suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Da za ta tafi ta juyo gare ni: "Malama, gaba in za ki sa abu bakin ɗiyanmu, ki fara kiranmu mu gani."

Tun daga nan ban sake kunna wutar girkin yara ba sai da iyaye mata a ɗakin. Ba mugunta ta kawo mutanen nan ƙofata ba, tsoro ne irin na wanda aka taɓa raba shi da ɗa. Inna Kulu kuwa, har ta rasu ita ke fara zuwa, ta zauna bakin tukunya tana gyara mana gawayi.