Rubutun da Inna ta kawo daga Rawayya

Watana biyu ke nan a sashen sa barci na wani asibiti a Gusau aka kawo wani manomi daga Rawayya, za a yi masa aikin ƙaba. Ni aka ba wa duba shi kafin a shiga ɗakin tiyata. Na tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce rabonsa da tuwo tun jiya. Na rubuta, na wuce, ina jin kaina likita.

Allurar barci na kama shi, kafin in zura masa bututun numfashi, sai ga baƙin ruwa mai gari-gari yana bulbulowa ta bakinsa. In ya gangara huhu, mutum na iya tafiya ke nan. Na juya masa kai, muka yi ta zuƙewa, leɓensa na sauya launi. Da ƙyar muka ƙwato shi. Kwana huɗu ya yi da robar iska a hanci.

Ashe mahaifiyarsa ce ta karɓo masa rubutu wurin malami, ta dama da 'yar fura, ta ba shi kwano guda a bakin ƙofar ɗakin tiyata don ya fito lafiya.

Babban likitanmu ya sa aka kira ta. Ya yi ta zazzaga mata faɗa da Turanci, ya ce in fassara mata cewa jahilcinta ya kusa kashe ɗanta. Fayil ɗin yana hannuna. Dokar hana ci da sha tana ciki, haruffan Turanci uku, kuma daga ma'aikatan jinya har ni babu wanda ya buɗe baki ya gaya wa tsohuwar nan. Mu muka yi sakaci, ita za ta koma gida da laifi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoron oga ya fi ƙarfina, na fassara mata tsaf ban rage komai ba. Har yau wannan ne ke ƙona mini rai.

Ba ta yi musu ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta dube ni ta ce:

"Ɗana, da kun gaya man, ai da shafa mashi za ni yi a jiki."