Igiyar Haladu Kwalbati

In ka shigo unguwarmu ka ce kana neman Haladu Sale, ba wanda zai gane ka. Ka ce Haladu Kwalbati, yanzu a nuna maka ƙofarsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi na yi shekaru ba na son faɗa. Ni Kubra, tela, mai yi wa matan manya ɗinkin biki, a ce yayana ne ke shiga kwata yana kwaso ƙazantar mutane? Ranar bikin 'yata Ummi sai da na aika masa cewa ya yi wanka sau biyu kafin ya zo. Ya zo, ya ci shinkafarsa ya tafi. Har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Layinmu gida goma sha ɗaya ne a cikin kwari, a gindin babban titin da ya bi ta ƙofar jami'a. Tun zamanin haƙar kuza kakanninmu suke nan, kuma rabin gidajen na ƙasa ne. Duk ruwan da ya gangaro daga duwatsu ta bayanmu yake bi, ya shige kwalbati ɗaya tak a ƙarƙashin titin, ya fita ta wancan ɓangaren. In kwalbatin ya toshe, titi ya zama madatsa, mu kuma mun zama tafki. Ginin ƙasa kuwa in ruwa ya kai masa gwiwa, sai dai labari.

Shekara talatin Yaya ya yi yana lebura a aikin hanya. Aka sallame shi da fansho, amma bai sallami kwalbatin ba. Shi da abokin aikinsa Baba Pam, mutumin Kuru, suka ci gaba: Yaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, Baba Pam ya naɗe ɗaya bakin a jikin turken wuta ya riƙe. Ko da gari ya rikice a shekarun baya, kowa ya koma cikin nasa, Baba Pam ya kwashe iyalinsa zuwa Kuru, duk damina sai ka gan shi ya sauko daga mota da hular sanyinsa. Dokarsu ɗaya ce, duk layin mun haddace ta don yawan ji: na waje ba ya jan igiya sai na ciki ya fizga sau biyu. In ka ja kafin nan, ka tumɓuke masa ƙafa daga inda ya kafa ta, ruwa ya maka shi da kankare.

Da muna yara jami'a can nesa take, sai ka ƙetare gonakin dankali. Yanzu ta zo ta zauna mana a ka. Ɗalibai suka yi wa ɗakunan cikin makaranta yawa, masu kuɗi suka saye gonakin, suka jera ɗakunan haya har kan tudu, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu dukansa namu ne. Wani mai gidan haya ma, Allah ya isa, ya ratsa bututun ruwansa ta cikin kwalbatin don kada ya fasa titi. Yaya ya kai ƙara har takalminsa ya cinye. Wannan ofis ya ce titin na wancan ne, wancan ya ce a dawo bayan damina.

Mutumin da ko firamare bai gama ba, amma ya fi ɗaliban sanin lokutan makarantarsu, a shara yake karantawa. In ledar taliya da takardu suka yi yawa, ya ce jarrabawa ta zo. In aka gama shekara kuwa, katifu ne. Ɗalibi ba zai sa tsohuwar katifa mai kuɗin cizo a keke ya kai ta garinsu ba, sai ya wurga ta a lambatu ya yi gaba. Da can da rani ɗalibai ke tashi, Yaya ya bi lambatu ya tsince su a bushe. Shekarar da nake ba ku labari an yi dogon yajin aiki, komai ya goce, tashin ɗalibai ya faɗo tsakiyar Agusta.

Ranar Alhamis ce. Tun hantsi titi ya cushe: motocin iyaye, keke, bas, kowa da akwati da buhu a kan mota, ba gaba ba baya. Yaya ya leƙo shagona, abin da bai saba ba.

"Kubra, ara min wayarki. Tun ƙarfe goma Pam ya baro Kuru, har yanzu shiru."

Na kira masa. Baba Pam ya ce yana cikin gosulo, ko tsakiyar gari bai ƙetare ba. Yaya ya ɗaga kai ya dubi gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya ce katifa bakwai ya fitar tun safe, amma wata mai kayan miya ta ga ta takwas ta gangara.

Ana kiran azahar ruwa ya kece, da ƙanƙara. Ba a yi rabin awa ba na ga silifas ɗina yana yawo a tsakiyar shago. Na fito. Bakin kwalbatin, wanda babban mutum ke shiga a sunkuye, saura kamar kamu biyu ya nitse, kuma ruwan ba ya tafiya, juyawa kawai yake da leda da robobi. Mata suna ta fito da yara kan titi. Bangon gidan maƙwabciyata ya riga ya fara zubar da ƙasa.

Yaya yana tsaye, ya tuɓe riga, igiya a ƙugu, wuƙa a hannu. Ya naɗe igiyar sau biyu a turken wuta, ya dubi mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ya wuce su, ya miƙo min.

"Yaya, ka haukace ne? Ga maza nan!"

"Mazan nan da sun ji tsoro za su ja. Ke kuwa taurin kanki na san shi tun kina goye. Katifar ta maƙale a bututu, sai na yanka ta. Sau biyu, Kubra. Ba ɗaya ba."

"Ka jira Baba Pam mana, don girman Allah!"

"Ki gaya wa ruwan ya jira."

Ya ce Onyebuchi, mai shagon kayan gini da ke kusa da nawa, ya tsaya a bayana ya kama, amma kada ya motsa sai na ce. Ya yi bisimilla ya sauka. Ruwa ya kai masa ƙirji, sanyinsa ya sa na ji ya ja numfashi. Ya karkata kai ya shige.

Igiya ta riƙa zarewa a hannuna, taku ɗaya, biyu, uku, ta tsaya. Ina jin motsinsa a tafina, kaɗan-kaɗan, kamar yadda nake jin zare in keken ɗinki yana tafiya. A saman kansa kuwa motoci sai hon suke, wata ɗaliba a cikin keke tana ɗaukar mu a waya tana dariya. Da hannuna ba a cike yake ba, da ta gane kurenta.

Kamu biyun nan ya koma ɗaya. Ya koma yatsa huɗu. Ina kallo bakin kwalbatin ya nitse ɗungurungum.

Wuri ya kaure da salati. "Ku jawo shi! Ku jawo shi!" Onyebuchi yana ihu a kunnena da Hausarsa: "Mama Ummi, ja shi mana! Mutum zai mutu fa! Gida ba komai ne ba!" Na ji ya fara ja, na take masa ƙafa da dukan ƙarfina.

"Oga Buchi, ka ja igiyar nan, wallahi sai na jefa ka ciki!"

Sai na ji fizga. Ɗaya, mai ƙarfi, ba tantama.

Na jira ta biyu. Jama'a, ban san tsawon lokacin ba, kada in yi muku ƙarya. Na san dai na karanta Ƙulhuwallahu na rasa ƙarshenta, ni da na sauke Alƙur'ani. Wata tsohuwa ta kama zanena tana cewa, "Kubra, ɗan'uwanki ne fa, za ki kashe shi?" In na ja, ƙila ni ce zan maka shi da kankare. In ban ja ba, ƙila gawa nake riƙe da ita. Ba abin da nake da shi sai maganarsa, na ƙanƙame ta.

Igiya ta fizge, har ta ɗebe min fatar hannu.

"Ku ja!"

Wata ƙara ta tashi a ƙarƙashin titi, ruwan da ke tsaye ya rufta cikin kwalbatin gaba ɗaya. Mu shida muka taru a kan igiyar nan muna kokawa da shi. Da ba don naɗin turke ba, da mu ma mun bi. Ƙafarsa ce ta fara fitowa, sannan sauran jikin, fuska duk jini, ba wuƙa, ba numfashi. Onyebuchi ya kwantar da shi a kan kwalta yana danna masa ƙirji yana kiran Yesu, ni ina kiran Allah, har Yaya ya yi tari ya amayo baƙin ruwa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ruwan ya wuce?" Ya wuce. Bango ɗaya ne kawai ya faɗi a layinmu, shi ma na bayan gida.

Ƙyauren shagon Onyebuchi muka cire muka ɗauke shi a kai, a ƙafa, muna ratsa motoci, don ba motar da za ta iya motsi. A hanya muka yi kiciɓis da Baba Pam, ya baro motar da ya shigo ya taho a guje, jiƙe sharkaf. Ya dubi Yaya, ya dubi hannuwana, ya tambayi wanda ya riƙe. Aka nuna ni. Tsohon nan ya zauna a bakin titi ya fashe da kuka.

Haƙarƙari uku suka karye, kafaɗar dama ta goce. A asibiti ma'aikaciyar jinya, Sista Fibi, tana cike takarda ta tambaye ni, "Me kike a wurinsa?" Na ce ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, da ƙarfi, har na gadon ƙarshe ya waiwayo.

Kwana uku bayan nan ina ba shi kunu, na ce, "Amma Yaya ka iya jan rai. Me ya hana ka fizga ta biyun da wuri?"

Ya ce, "Kubra, ban yi ta biyu ba. Ina yin ta farko kafaɗata ta fita, hannun ya mutu. Wadda kika ji, katifar ce ta yage ruwa ya ɗebe ni."

Kofin ya suɓuce daga hannuna. Wato da katifar nan ba ta yage ba, da ina nan tsaye ina zagin masu cewa a ja, yayana yana mutuwa a hannuna.

"Kin yi daidai," in ji shi. "Abin da na ce ki yi ke nan."

Ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Hannun bai koma daidai ba, ko buta da hagu yake ɗauka. Bututun yana nan a cikin kwalbatin, an ƙara gina wasu ɗakunan a kan tudu. Igiyar kuwa tana ƙasan akwatina, na kulle. Ya tambaye ni ita sau biyu, na ce ɓera ya cinye.

Yanzu duk ƙarshen shekarar karatu rufe shago nake yi. Ni da Onyebuchi da baron tura kaya, Baba Pam in ya samu hanya, mu bi ɗakunan ɗalibai ƙofa-ƙofa, ina buga musu ƙyaure ina cewa a fito da katifa. Sun sa min suna Mama Katifa, wasu suna toshe hanci in na wuce. Bara wata mai gayu ta tambaye ni ko ba na jin kunya, babbar mace da ni ina bin shara. Na buɗe mata tafin hannuna ta ga tabon, na ce ta miƙo katifar, hadari na haɗowa.