Damin Ƙarshe Daga Gidan Iya

A shekarar da yaƙin arewa na biyu ya lafa, aka fara maido da sojoji gida, a shekarar ce Iya ta ce ba za ta hau jirgin Makka ba sai na ƴanta ta da bakina. Na riƙe shekarar ne don a damunarta rijiyar bakin kasuwarmu ta rufta, muka koma jan ruwa a ƙauyen gaba.

Iya ba ita ta haife ni ba. Gidansu yana bayan namu, danga ɗaya ce tsakani. Kakanninta bayin kakanninmu ne, tun kafin zuwan Nasara, kuma an ba su gona a gefen fadama, zuriyarsu suka ci gaba da nomanta. Ni ban taɓa ganin an ɗaure kowa ba, ban ji an sayar da kowa ba. Abin da na tashi na tarar shi ne, duk kaka gidan Iya sukan kawo damin gero ɗaya su jingine a jikin rumbunmu. In ana suna ko biki a gidanmu, ita ce a kan turmi. In za ta gaida babana, tun daga danga take tuɓe takalmi ta durƙusa. Ɗanta na fari sa'ana ne. Innata ta yi doguwar jinya bayan haihuwata, sai Iya ta haɗa mu biyu, ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya.

Muna da kamar shekara bakwai aka aiko daga Magarya cewa za a buɗe lakwal, wato makarantar boko, kowane gida mai yara ya ba da ɗaya. A lokacin ba wanda ke son lakwal. Ana cewa yaro in ya shiga ya bar salla, ya bar hauya, ya raina iyayensa. Ranar da malamin lakwal, wanda ake ce wa mushe, ya zo da dogarin mai gari, babana ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu, ya mayar da murfi. Ina kwance a kan zangarniya, ƙaiƙayi yana cin wuyana, na ji babana yana cewa ga ɗan gidansa nan, a rubuta shi. Ɗan Iya ne ya miƙa musu. Na ji kukansa har ya yi nisa. Da aka fito da ni, innata ta ba ni fura da nono don murnar na tsira, ni kuma na yi kwanaki ina yi masa dariya ta kafar danga. Tun daga nan nake ce masa ɗan lakwal, shi kuma yana ce mini ɗan rumbu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya gama nan ya tafi Magarya, daga can Damagaram, daga can ya shiga soja. Ni ina nan, gero da gyaɗa da wake, da rani in tsallaka iyaka in yi ga-ruwa a birni, da bazara in dawo sharar gona. Duk zuwansa hutu sai in ga ya ƙara wani abu da ba ni da shi, yau agogo, gobe rediyo, wata rana mata mai karatu. Babana bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Har ya rasu yana cewa ya cece ni.

To a wannan shekarar ta sulhu ɗan Iya ya dawo, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ana ce masa Ajidan, muƙaminsa na soja. Da la'asar akan shimfiɗa masa tabarma a gindin gawo, kusa da mai gari, daidai inda babana yake zama da. Yana ba da labarin duwatsun arewa da ƙishirwarsu. Ya ce a can Bazabarme da Babarbare da Bafulatani da Bahaushe kwano ɗaya suke ci. Ya ce ranar da aka ji masa rauni, wanda ya ɗauke shi a kafaɗa Buzu ne, ɗan manyan gida, wanda ƴan'uwansa ma suna ɗaya ɓangaren. Ya ce ƙasar nan ɗaya ce, ba bawa ba ɗa, har doka ta hana a kira mutum da wannan suna. Mutane suna ta gyaɗa kai. Ni ma ina gyaɗawa daga bakin tabarma, cikina kuwa yana zafi. Duk labarin da ya bayar sai in ga kaina a ciki, in ce da ni ne. Har raunin nasa na yi wa kishi, don yara suna rige-rigen ɗaukar masa sanda.

Sai aka ji zai kai uwarsa Makka. Innata ta yi shekaru tana kiwon awaki da wannan niyya, duk shekarar da hatsi ya gaza sai mu sayar mu ci. Da na gaya mata, sai ta ci gaba da tsince wakenta.

Da hantsi wata rana na jiyo su ta bayan danga. Iya tana cewa ita tun tana yarinya ta ji cewa baiwa ba ta da hajji sai da yardar iyayen gijinta, kuma ba za ta sha wahalar hanya ta dawo hannu wofi ba. Ajidan yana cewa ba wanda ya mallake ta, gwamnati ta kashe wannan magana tun tuni.

"Gwamnatinka za ta tsaya mini a Arfa?" in ji Iya. "Ni dai a faɗa a gaban shaidu, kunnena ya ji."

Liman ya same ni bayan azahar. Ya ce a saninsa ba wata bauta da ta rage a kan matar nan, amma tunda zuciyarta ta ƙi kwanciya, kuma ni ne babba a gidanmu yanzu, in furta mata kalmar ba abin da zai rage ni. Na ce na ji, kuma ba zan hana ba. Amma a al'ada namiji ne daga gidansu ke zuwa zaure ya tuɓe takalmi ya nema. Liman ya dube ni, ya ce haka ake yi da.

Gaskiya ban taɓa tunanin hana ta ba. Abin da nake so ɗaya ne, in ga Ajidan ya shigo zaurena ba takalmi, ya zauna ƙasa ya roƙe ni wani abu. Tun ranar rumbu komi yana hannunsa, sai wannan kalma guda ce Allah ya bari a nawa. Na sa aka share zaure, aka zuba sabon yashi. Na sayo goro na ajiye a jiƙaƙƙen tsumma. Da safe in zauna ina gyaran igiya ina sauraren takun ɗingishinsa. Yakan wuce ta ƙofar, ya ɗaga mini sanda, ya ci gaba. Goron ya bushe na sake sayo wani.

Mun haɗu a wurin gayyar tonon rijiya. Shi ya kawo siminti, ni ina cikin masu jan ƙasa da guga. Ya matso inda nake hutawa, ya zauna a kan buhu.

"Ɗan rumbu, ka ji rigimar tsohuwarka?"

"Na ji, ɗan lakwal. Zaurena a buɗe yake."

"Na ga har yashi ka zuba," ya ce, yana murmushi. "Ba zan shigo da wannan maganar ba. Na kwana a rami ɗaya da mutanen da ba su taɓa tambayata wa ya sayi kakana ba. In na durƙusa maka, me zan gaya wa ƴaƴana?"

Na ce to tsohuwa fa, ga shi ana cewa an kusa rufe rajistar maniyyata. Ya ce ni ma ai ta goye ni, in zagaya danga in faɗa mata a ɗakinta, ba nisa. Na ce ba haka ake yi ba. Ya ce shi ma ba haka yake yi ba. Aka kira ni ga igiya, na tashi.

Haka muka zauna, shi yana jira in zagaya, ni ina jira ya shigo. Gero ya nuna, aka yi girbi. Maniyyatan ƙauyukan kusa suka je Magarya aka ɗauki hotonsu. Iya ta ƙi zuwa. Na riƙa jin ta tana tari da asuba, in ce a raina gobe zai zo.

Ranar wata kasuwa da hantsi ina zaure sai na ji sallamar liman. Na leƙa. Shi ne da dattawa biyu, a bayansu Iya, ɗauke da damin gero a ka. Shekaru da yawa jikokinta ke kawo damin a amalanke, ban san rabon da ta ɗauka da kanta ba. Wuyanta yana rawa. Can baya, a bakin hanya, Ajidan yana tsaye ya harɗe hannu, fuskarsa a murtuke. Bai san za ta fito ba, a hanya ya tarar da su.

Ta tuɓe takalmi, ta sauke damin a kan sabon yashina, ta durƙusa. Na ce Iya ki tashi. Ta ƙi.

"Tunda ku biyun kun fi ƙarfin juna, ni ga ni na zo," ta ce. "Kai da na wanke wa kashi, yau bakinka nake nema. Faɗi in ji, gwiwata ba ta daɗewa a ƙasa."

Dattawan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ban iya ba. Na dubi bakin hanya, ko zai tako. Bai motsa ba. Liman ya ce in maimaita bayansa, na maimaita: na ƴanta ki don Allah, ke da abin da kika haifa, ba mu da komi a kanku duniya da lahira. Kalmar da na yi watanni ina riƙo, ko numfashi biyu ba ta kai ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, to gonar fadama fa, a faɗa yanzu kada jikoki su yi rigima. Ban shirya wannan ba. Gonar ta fi duk nawa albarka, ko a shekarar fari tana ba da wani abu. Idon kowa yana kaina, Iya tana ƙasa. Na ce gonar tasu ce. Aka shafa fatiha.

Sai a lokacin Ajidan ya shigo, da takalmansa na soja, har kan yashin. Ya kama uwarsa ya ɗaga, ya kakkaɓe mata zane. Ya miƙo mini hannu a tsaye, ya ce ya gode, ɗan'uwa. Ya ɗauki goro ɗaya daga tsummana ya ɓare, ya ba ni rabi. Na karɓa na ci. Iya tana ta kuka tana sa mini albarka, tana tambaya me nake so ta kawo mini.

Washegari Ajidan ya kai ta Magarya a mota, aka yi mata rajista. Ta yi hajjinta ta dawo da haƙorin Makka, gari ya fita tarya. Ta kawo mini hula da carbi, ta kawo wa innata zamzam a ƴar gora. Ta shigo gidanmu da takalminta, ta zauna a bakin gado ɗaya da innata, suna hira kamar ƙawaye. Bayan ta fita innata ta juya gorar a hannunta, ta ce, "Ta riga ni." Damuna biyu bayan haka innata ta rasu, zamzam ɗin aka yayyafa wa likkafaninta.

Mutane sun yabe ni. Har yau in maganar ta taso sai a ce na yi halin girma. Shi kuma ana cewa bai sunkuyar da kai ba, ya riƙe mutuncin gidansu, kuma na lura nasa yabon ya fi daɗewa a bakin matasa. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Yana ce mini ɗan rumbu, ina amsawa. Ban ƙi shi ba. Amma in na hango shi a gindin gawo yana karanta wa mutane takardun da aka aiko musu, wannan zafin na ciki yana nan inda yake.

Bara aka buɗe karatun manya a ƙauyenmu. A lakwal ɗin nan ake yi, da yamma bayan yara sun tashi. Bencin ƙanana ne, gwiwoyina suna dukan tebur. Ina zuwa kullum, ko ranar kasuwa, kuma da hannuna na rubuta wannan, a hankali, ina gogewa ina sakewa. Wani lokaci ina cikin rubutu sai in tsaya ina duban bencin, ina tunanin a wanne ya zauna.

Damin da Iya ta sauke a zaurena shi ne na ƙarshe, mun ci shi a wannan rani. Abin da ya fita daga hannuna kuwa ga shi: wuri ɗaya a aji, gona ɗaya a gefen fadama, dami ɗaya duk kaka, gaisuwa ɗaya da durƙuso, da kalma ɗaya da na faɗa ba tare da wanda nake jira ya roƙe ni ba.