Askin Suna a Mandera

Shekara talatin Mode wanzami yana yawo da zabira tsakanin Dingyaɗi da ƙauyukan Shagari, ba a taɓa cewa askarsa ta yi ɓarna ba. Mutum ne mai barkwanci, har sai da ɗansa na fari ya rasu a haɗarin babur. Daga nan ya daina ci, ya daina fita. A asibiti aka ce ciwon damuwa ne, aka ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ya dawo daidai, har surutun ya fi na da.

Wata ranar kasuwa yana laluben aska, katin maganin ya faɗo gaban jama'a. Wani abokin wasansa ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku taho ku gani! Mai ba mu sassaƙe shi ma ɗan ƙwaya na!"

Aka yi ta dariya. Mode kuwa da ya koma gida ya juye maganin a masai, bai shawarci kowa ba. Taurin kai dai gadon gidansu ne.

Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar jiri ya fara ɗibarsa. Idan ya juya ido sai ya ji wani abu ya fizge shi a ka, kamar ya taɓa wayar lantarki. Ya daka wa matarsa Ladi tsawa saboda fura ta yi tsami, bai rufe baki ba sai ga hawaye. Tsoro ya kama shi sosai, ya ɗauka hauka ce ta zo.

"Malam, koma ka hwaɗa ma likita," in ji Ladi. "Sun ce ba a yanke shi lokaci guda."

Ya yi banza da ita, don washegari akwai askin suna a Mandera, a gidan da tun zamanin kakansa su ne ke yi musu aski.

Da hantsi Nana Hauwa, kakar jaririyar, ta zauna kan tabarma ta tallafo masa kan. Mode ya jiƙa gashin, ya buɗe aska. Maɗigar yarinyar tana bugawa a hankali ƙarƙashin yatsansa. Sai abin nan ya fizge shi. Askar ta motsa, ba da nufinsa ba.

"Mi ya hwaru, wanzam?" in ji tsohuwar.

Ya so ya ce ba komai. Ya sake duban kan, bai fi ƙoƙo ba. Ya naɗe askar.

"Inna, ba ni da lahiya. Magani nika sha, na bari, hannuna ba nawa ba na yau. Ku nemi wani."

Tsohuwar ta ja jikarta jikinta.

Yana bakin titi yana jiran motar Boɗinga, hannayensa matse tsakanin gwiwoyi, wani wanzami ya wuce shi a kan babur, ya karya kwana ya nufi gidan sunan.