Kwalba Uku a Tankin Taraktar Yaya

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban tsaya an shafa ba, na saɓi jakata na nufi tashar Doka. Mun bar Gadarif gari bai gama wayewa ba, a wata tsohuwar bas wadda igiya ce ke riƙe da ƙofarta. A jakar akwai kaya kala biyu, da ɗan sukari da ganyen shayi, sai kwalabe huɗu na maganin wanke inji, irin wanda ake zubawa a tankin mai. Saboda kwalaben nan na yi tafiyar.

Ga wanda bai san ni ba, malamin makaranta ne ni a Madani kafin yaƙin Sudan ya koro mu. Ni da matata da 'ya'ya uku muka sauka gidan yayana a Gadarif, damina biyu ke nan muna cin tuwonsa, bai taɓa nuna mana komai a fuska ba. Manomi ne, gonarsa na can bayan Doka, yana da tarakta ɗaya wadda ta girmi babbar 'yarsa. Dawar da gonar ta bayar ita gidan ke ci har shekara ta zagayo. Noman can kuwa ba ya jiran kowa. Ƙasar baƙar laka ce, in ruwa ya sauka sai a ba ta kwana biyu ta tsane, tarakta ta shiga ta ja diski, wato garma mai fayafayan ƙarfe, tana kashe ciyawa tana zuba iri lokaci guda. Da zarar ruwa ya zauna sosai, ko jaki ba ya shiga, wanda bai shuka ba sai baɗi.

Da Yaya ya ce min a waya taraktar ta rage ƙarfi, tana ta baƙin hayaƙi, sai na ga ga ranar da ni ma zan yi wa gidan nan amfani. Na shiga kasuwa, wani mai sayar da kayan gyara ya nuna min kwalaben, ya ce suna wanke foniya tas, wato 'yan bakunan nan da ke fesa mai cikin inji. Na karanta Turancin da ke jikinsu, na ji daɗin cewa karatuna bai mutu ba. Na ba da abin da na samu a koyar da 'ya'yan maƙwabta, na ce wannan ita ce tsarabata.

Titin Doka kwalta ne, amma kwaltar ta gaji. Direbanmu ya fi tafiya a gefe, yana cewa can ramukan sun fi sauƙin hali. Ko'ina ka duba kore ne shar, fili har iyakar gani, babu bishiyar da za ta tare maka ido. A kowane shinge sai an sauko da mu an duba takardu, mu da muka taso daga wani gari kuwa sai an daɗe ana kallon namu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce ya rasa gane wanda ya fi tsufa a hanyar nan, shi ko katin shaidarsa. Muka yi dariya kaɗan, kowa ya koma ga tunaninsa.

Abin da ya fi yawa a bakin titin shi ne jaz, wato man tarakta da manyan motoci. Jarkoki a jere, an ɗora kwalba ɗaya a kan duro don talla. Wani launin shayi, wani launin zuma, wani kuma ka rasa me aka haɗa shi da shi. Farashin da aka faɗa a fitar Gadarif daban, na kusa da Doka daban, kuma ba mai tsayawa ciniki, tunda kowa ya san damina ce. A mararrabar Um Rakuba wasu mutanen Habasha suka shigo da ƙunshinsu, za su neman aikin gona. Ni kuma na san irin wannan tafiyar da ƙunshi, na yi ta a hanyar Madani.

A Doka na ci wake da mai da gurasa, na sha shayi wajen wata mata da ta auna sukari kamar mai auna magani. Daga nan kwalta ta ƙare min. Ba motar da ke shiga gonaki, sai na roƙi wuri a tirelar wata tarakta mai kai durarrukan jaz. Awa uku muna tafiya, laka na manne wa tayoyi har su ninka girma, a tsaya a kankare da itace. Na rungume jakata a ƙirji kar kwalaben su fashe.

Bayan azahar na isa kambon Yaya, wato sansanin gonarsa, bukkoki uku na ciyawa da rumfa, durarruka biyar a gefe, sai taraktar tsaye. Yaya ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya shuka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, taraktar tana ja amma da ƙyar. Direbanta wani dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin mahaifinmu, ba ya yawan magana, kuma tunda na fara koyarwa bai ƙara kiran sunana ba, sai Ustaz. Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi, muka ci a ƙwarya ɗaya. Da muka wanke hannu na buɗe jaka na jera kwalaben a kan tabarma.

Yaya ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Kai kuma da wahalar da kanka? Allah ya yi albarka."

A jikin kwalbar an rubuta ɗaya ta isa tanki guda. Na karanta musu, na fassara, sannan na ƙara nawa. Na ce waɗanda suka rubuta wannan da tsabtataccen man ƙasarsu suka auna, namu na bakin titi ya ninka shi datti, don haka maganin ma a ninka. Ni a lokacin na ga ba hujjar da ta kai wannan. Na juye kwalba uku, na ajiye ta huɗu don gaba. Ina zubawa dattijon ya matso, ya buɗe baki, ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Akwai magana ne, Baba?" na ce.

"La, la, Ustaz. Ku ne masu karatu."

Washegari taraktar ta tashi da wani sauti mai daɗi, hayaƙin ma ya ragu. Na hau na zauna kusa da dattijon, iska na kaɗa min riga, ina kallon diski na tsaga baƙar ƙasa. Ban ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Rabona da irin wannan farin cikin tun ina da aji da allo.

Kafin hantsi ya dubi ludayi taraktar ta fara tari, ta mutu a tsakiyar gona. Dattijon ya kwance filta, wato matatar mai, ya nuna mana ya toshe da wani baƙin abu kamar kwalli da aka dama. Akwai filta ɗaya na ajiya, aka saka, ta tashi. Da la'asar shi ma ya toshe. Ba wani kuma sai a Doka, ko ma Gadarif. A gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, iska ta canja. Yaya ya tsaya yana kallon sama, yana kallon gonar da ta rage. Ya ce akwai abin da ake yi in ta ɓaci, a huda filtan da ƙusa mai ya wuce, a lallaɓa a ƙarasa kwana biyu. Ya juyo ya tambaye ni ko maganin zai narkar da abin da ya wuce.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma mutum biyu na kallona, kuma ni na kawo tsarabar, sai na ce ai aikinsa ke nan. Dattijon ya karɓi ƙusar ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya yi bisimilla ya huda.

Taraktar ta yi layi shida. A na bakwai ta yi wata irin ƙara, ta fitar da farin hayaƙi, ta tsaya. Aka buga, aka ƙara bugawa har batir ya kusa ƙarewa. Muna nan ruwan ya sauko, muka bar ta a inda take muka dawo kambo da ƙafa, takalmana na hannuna, laka har ƙauri.

Kwana uku ana ruwa, in ya ɗauke da safe ya dawo da yamma. Ba inda za a je. Muna zaune a bukka ɗaya, sauro na cinmu, Yaya na jan carbi. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai dai in an dafa shayi ya tura min kofin farko, ya ce ma'alesh, ba komai, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. A rana ta uku na samu dattijon shi kaɗai yana kwance tarumba, wato famfon da ke tura mai zuwa foniyoyin. Na tsuguna na tambaye shi abin da ya so faɗa ranar.

Bai ɗago ba ya ce, "Tankin nan shekara da shekaru ba a wanke shi ba, Ustaz. Dattin yana kwance a ƙasa, ba ya damun kowa. Magani mai yawa ya tashe shi gaba ɗaya."

"To me ya hana ka faɗa, Baba?"

"Ƙane ya kawo wa yayansa tsaraba daga gari, ni ɗan aiki in ce ba kyau a gabansa? Eb ne, abin kunya, ya Ustaz. Ba a haka."

Ya ja ni wajen durarrukan, ya zura tiyo har ƙasan ɗaya, ya tsotso a kwalba ya ɗaga. Ruwa ne kwance a ƙasa, mai a sama. Ya ce mahaifinmu ba ya taɓa duro sai ya kwana biyu a karkace, ruwa da datti su kwanta, a ɗebi na sama a tace da ƙyalle. Bana jaz ya yi wuya, ana kawowa ake zubawa, har na ƙasan ba a bari. Ciwon taraktar ke nan tun farko, kuma maganinsa ƙyalle ne da haƙurin kwana biyu.

Da hanya ta ɗan bushe na ɗauki tarumbar da foniyoyi huɗu a naɗe cikin tsohuwar jallabiyar Yaya. Shi ya zauna ko zai samu aron tarakta a maƙwabta. Rabin hanyar Doka da ƙafa na yi ta, ƙarfen na cin kafaɗata. A Doka aka ce ba mai injin gwaji, sai Gadarif. A bas ɗin dawowa ban ga komai a hanya ba, ko shingayen ban ƙirga ba.

Ban shiga gida ba sai da na biya wajen usta, mai gyaran tarumba a unguwar makanikai. Ya ɗaura foniya ɗaya a injinsa ya danna. Maimakon ta fesa kamar raɓa, sai ta riƙa ɗiga. Ya buɗe tarumbar ya nuna min ciki duk ya karce. Ya ce maganin ba ƙarya ba ne, yana wanke ɗan dattin da ya maƙale in an zuba daidai a tanki mai tsabta, amma ba ya mai da ƙarfen da ya cinye, kuma ba ya mai da gurɓataccen mai lafiyayye. Kayan gyaran sai an aiko daga Bur Sudan, in an yi sa'a mako biyu. Ya tambayi wanda ya huda filtan, na ce ni ne, don ban ga amfanin raba laifin ba.

Jiya Yaya ya kira. Maƙwabcinsa ya ba shi tarakta ta wuni ɗaya, ya shuka ɗan tudun da ke kusa da kambo. Sauran gonar, fiye da rabi, ciyawa ta riga ta rufe, ruwa kuma ya zauna. Ya ce in gaida yara, ya ce kar in sa abin a raina.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma da ma akwai wanda ya san shi a kambon kafin in je. A bar duro ya kwanta, a tace mai, a ajiye filta fiye da ɗaya, kar a huda shi ko hadari ya kai ina. In za a zuba magani, a zuba yadda aka rubuta. Sannan in kana so dattijo ya gaya maka gaskiya, ka same shi shi kaɗai, kafin ka buɗe kwalba. Na tambaye shi a gaban mai gidansa, da kwalbar a hannuna, ban bar masa ƙofar da zai ce a'a ba. Kwalba ta huɗu tana nan a jakata, na kasa yar da ita, na kasa kallonta.

Yau da safe ina zaune a tsakar gida matar Yaya ta fito auna dawar da za a kai niƙa. Ba ta san ina kallo ba. Ta cika kwanon kamar kullum, ta tsaya, sannan ta sa hannu ta kwashe tafi biyu ta mayar buhu. Da aka kawo tuwon rana na duba na ga na 'ya'yanta ya ragu. Nawa kuwa a cike yake har baki, yadda ake zuba wa baƙo.